Garmaho mai araha: yaya sautinsa yake, kuma zai ci mini faya-fayan mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Agege. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana faya-fayan garmaho kusan sittin, manya da ƙanana, na kiɗan Hausa da na hailaif, har da wasu biyar masu nauyi da aka ce sun girmi sauran. Na je kasuwar Alaba na ga wani garmaho mai kamar akwatin hannu, lasifika a jikinsa, har da Bluetooth, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. Mai shagon ya ce sautinsa ɗaya da na masu tsada, suna kawai mutane ke saya. Gaskiya ne? In saya, ko zai lalata mini faya-fayan?

Amsa: Wa alaikumus salamu, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama, ya yi albarka a abin da ya bari. Na fara gyaran rediyo da garmaho a garin nan tun ana buga faifai a Legas, kuma har yau wata ba ya ƙarewa ban kwance cikin ɗaya ba, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka. Wancan mai kamar akwati, kada ka ɗora masa faya-fayan mahaifinka. Amma kuma kada ka ɗauka sai mai hali ne zai ji daɗin faifai. Akwai mai arahar da zai ba ka sauti mai kyau ya bar maka faifanka lafiya, akwai mai arahar da kyan jiki ne kawai. Ratar kuɗin da ke tsakaninsu ba ta kai ratar aikinsu ba, kuma bambancin yana wurin da ido ba ya saurin kaiwa, wato bakin allura.

Ɗauki babban faifai ɗaya ka karkata shi wajen haske. Waɗannan layukan da kake gani tsagi ne guda ɗaya tak, ya faro daga gefe ya yi ta kewaye har tsakiya, tsawonsa a fuska ɗaya ya kusa rabin kilomita. Bangon tsagin nan biyu ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke daidai da yadda sauti ya kaɗa ranar da aka ɗauke shi. Allura tana bin lanƙwasar, tana rawa, kan da ke riƙe da ita ya mayar da rawar wutar lantarki 'yar mitsitsiya. Ke nan muryar da mahaifinka ke saurara tana nan a sassaƙe jikin roba, kuma duk sa'ar da ka sa faifan, dutse ne ke tafiya a kanta. In dutsen nan ya yi kaushi ko an danna shi fiye da kima, abin da ya kankare ya tafi ke nan. Inji in ya lalace gobe za ka sami wani a Alaba. Faifan kalangu ko na kukuma da aka buga shekara hamsin da suka wuce, sai an dace.

Kan allura iri biyu ne a kayan araha. Na farko shi ne na siramik, kuma shi za ka tarar a kusan duk mai kamar akwati. Alamarsa ba ta ɓuya: 'yar allura ja ta roba, siririya, a ƙarƙashin hannu mara nauyi wanda ba shi da komai a bayansa. A cikinsa akwai ɗan falle da ke ba da wuta in an lanƙwasa shi, don haka dole allura ta yi aikin ƙarfi, dole kuma a danna ta sosai kafin ta zauna a tsagi. Na sha ɗora irinsu a sikeli, giram biyar nake gani, wani lokaci shida ko fiye. Na biyu shi ne mai maganaɗisu. Shi ɗan maganaɗisu ne manne a gindin allura yana rawa kusa da naɗin waya, ba abin da yake turawa da ƙarfi, shi ya sa giram biyu zuwa uku da rabi ya ishe shi. Yana bin lanƙwasar tsagi cikin laushi, yana kuma fito da ƙananan sautukan da na siramik ke tsallakewa: karkarwar ƙarfen da ke kan kuntigi, numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, amshin 'yan amshi daban da muryar uban kiɗi.

Zan yi wa mai akwatin adalci. Sawa ɗaya ko biyu ba zai kashe faifai ba, kuma garmahon da iyayenmu suka yi amfani da shi a shekarun 1960 da 1970, da yawansu na siramik ne masu nauyi. Inda ɓarnar take shi ne haɗuwar abu uku: nauyi, ƙura, da allurar da ta cinye. Yawancin allurar da ke zuwa da waɗannan akwatuna ta dutsen safaya ce, wadda ba ta wuce kimanin awa 50 ta fara lalacewa. Kai da za ka riƙa jin faifai awa ɗaya kullum bayan isha'i, kafin wata biyu ka cinye ta, kuma ba wata fitila da za ta kama ta gaya maka. Bakinta da yake a dunƙule sai ya yi gefe mai kaifi kamar kurfi, ya shiga aske bangon tsagi. Allurar daimon kuwa tana kai awa 500, mai kyau har ta doshi 1000. Faya-fayan da mutane ke kawo mini tsaginsu ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, murya tana karcewa duk inda mawaƙi ya ɗaga ta, tsohuwar allura ce ta ci su, wani lokaci ma da kwabo ɗaure a kan hannun da salatif don kada ya yi tsalle. In ka ga kwabo a kan hannun garmaho, ka san faya-fayan gidan sun sha wuya.

Maganar cewa sautinsu ɗaya, wannan ba haka ba ne, kuma dalilin a fili yake. Lasifikar akwatin ba ta fi bakin kofin shayi ba, tana kuma zaune cikin jiki ɗaya da allura. In ta buga amo mai zurfi, akwatin zai girgiza, allura ta ɗauki girgizar ta mayar wa lasifika, abin ya zama ƙugi ko tsalle. Saboda haka amon ƙasa kaɗan ne ake bari ya fito. Ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Farantin da faifai ke hawa ƙarami ne, babban faifai yana rataye a iska ta gefe, in yana da 'yar lanƙwasa sai ka ga hannun yana hawa yana sauka. Hannun gajere ne, don haka allura tana shiga tsagi a karkace, musamman can kusa da tsakiya. Wurin nan ko a inji mai kyau ya fi wahala, domin a bakin faifai tsagi na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a sakan, a waƙar ƙarshe kuwa ya ragu zuwa kusan 20, sauti ya cunkushe a ɗan wuri. Shi ya sa nake gwada kowane garmaho da waƙar ƙarshe ta fuska. Wanda ya fito da ita tas, ya ci jarrabawa.

Sai kuma gudu. Babban faifai yana son zagaye 33 da sulusi a minti, ƙarami 45, kuma so ake gudun ya tsaya cak. Ƙaramin moto da faranti mara nauyi ba sa riƙe shi. Kiɗan ganga zai iya ɓoye wannan aibi, amma sa faifan da ke da goge ko algaita ko sarewa, inda sauti ke ja ya daɗe, za ka ji yana lilo kamar mai busa ya gaji. Kunnen Bahaushe da ya saba da karin sauti a magana ba ya raina wannan, ko bai san sunan abin ba zai ce muryar ba ta zauna ba.

To, mene ne mai arahar da ya cancanci kuɗinka? A sababbi, mataki na farko da nake yarda da shi shi ne irin Audio-Technica AT-LP60X ko Sony PS-LX310BT. Dukansu bel ne ke juya farantinsu, dukansu suna da kai mai maganaɗisu da allurar daimon da ake cirewa a sa sabuwa, kuma ka danna maɓalli ne hannun ya tashi da kansa ya sauka a hankali, in faifai ya ƙare ya koma mazauninsa. Ga wanda bai saba ba, ko gidan da yara suke, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don faifai da yawa hannun mutum ne ya karce su wajen sauke allura. Shi AT-LP60X an saita nauyin allurarsa a giram uku da rabi, ba a ƙarawa ba a ragewa, kan kuma ba a sauya shi da wani. Iyakarsa ke nan: yadda ka saye shi haka zai zauna. Amma allurarsa mai dunƙulallen baki tana da haƙuri da tsofaffin faya-fayai irin naka, ba ta tono kowace 'yar karce ta kawo maka kunne. Ni a ganina, ga faya-fayan da suka shekara hamsin ana sa su a gidan iyali, wannan haƙurin ya fi ƙwarewar allura mai tsada amfani.

In aljihu ya ɗan ƙara nauyi, mataki na gaba shi ne wanda ke da dunƙulen ƙarfe a bayan hannu mai lambobi, wanda kake murzawa ka saita nauyin da kanka, da wani ɗan maɓalli kusa da shi mai hana hannun rinjaya zuwa tsakiya. AT-LP120XUSB yana cikin wannan sahu, moto ne ke juya farantinsa kai tsaye ba bel, kansa giram biyu yake so, yana kuma da gudun 78, wanda zan zo kansa. Rega Planar 1 na Ingila da kayan Pro-Ject na Ostiriya su ma a wannan mataki suke, sai dai shi Rega ba shi da lambobin da wancan maɓalli; ba su da tarkacen maɓallai, kuɗin ya tafi ne a hannu da faranti. Irin waɗannan za ka iya girma da su, bana ka sa wannan kai, baɗi ka sa wanda ya fi shi. Daga nan zuwa sama kuwa, kowane ƙarin kuɗi ƙaramin ƙarin daɗi yake kawowa. Babban tsallen yana tsakanin akwati da matakin farko. Daga matakin farko zuwa na biyu akwai ci gaba da kunne ke ji sarai. Bayan haka sai mai ɗakin sauraro na musamman, wanda janaretan maƙwabci ba ya shigo masa ta taga.

Ka kuma san abin da za ka ji, don kada ranka ya ɓaci. Faifai ba ya kai sidi tsabta, ko da wane inji ka sa shi. Akwai 'yar shuu a ƙarƙashin kiɗa, akwai ƙas-ƙas nan da can, wasu daga ƙura, wasu tun daga wurin bugu suka zo da su. Abin da faifai ke da shi shi ne cikar murya da wani irin ɗumi, sannan da yawan waɗannan waƙoƙi namu a jikin faifan kaɗai suka rage da kyansu, abin da ke yawo a waya kwafi ne na kaset da aka kwafa daga wani kaset. Bluetooth kuwa ban hana ka ba, yana da sauƙi, amma ka sani yana matse sautin ne kafin ya aika. Waya biyu, ja da fara, sun fi shi, kuma ba su da tsada.

Yanzu ga hanyar da na fi so, ita ce kuma ta fi buƙatar ido: tsohon inji na hannu. Kayan Japan na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, irin su Technics da Pioneer da Sony da JVC da Kenwood, da Dual na Jamus, an yi su ne lokacin da faifai ke sarauta, kamfanoni suna gasar inganci. Matsakaicinsu na wancan zamani yakan fi sabon da kuɗinsu ya zo ɗaya a yau. Kowa ya san Technics SL-1200 da ya fito a 1972, da ƙanensa MK2 na 1979 da masu kiɗan biki suka riƙe, amma sunansa ya sa ya yi tsada. Ƙananan 'yan'uwansa da ba a damu da su ba, su ne rabon talaka. Suna shigowa cikin kayan tokumbo, za ka same su a Alaba a jibge ƙarƙashin tsofaffin amfilifaya.

Sai dai a nan ne Legas take da nata sharaɗi. Wutarmu bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a sakan. Ta Amurka bolt 120 ce, sau 60. Ta Japan bolt 100. Kowa ya san a nemi taransifomar rage wuta don kada inji ya ƙone, amma taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ta taɓa yawan kaɗawar. Akwai motocin garmaho da ke ɗaukar gudunsu daga kaɗawar wuta kai tsaye. Wani dattijo mai sayar da goro ya taɓa kawo mini irin wannan, ɗansa ya aiko masa daga Amurka, kyakkyawa, katako mai sheƙi, ko ƙwarzane babu. Ya ce mini, "Malam, mutumin nan na san muryarsa tun ina saurayi, ba haka yake ba, kamar an tashe shi daga barci." Na manna ɗan farin salatif a gefen faranti, na ɗora agogo a benci, muka ƙirga tare. A minti uku ya kamata ya zagaya sau 100 cif. Muka samu 83. Wato kashi biyar cikin shida na gudunsa, zagaye kusan 28 a minti maimakon 33 da sulusi. Ba abin da ya lalace a jikinsa, wutar ƙasarsu yake nema. Sai da na kai wa mai sassaƙa ƙarfe ya yanko mini sabon ɗan gurun da bel ke hawa, mai ɗan ƙarin kauri. Ranar da muka sake sa faifan, dattijon bai ce komai ba har waƙar ta kai rabi, sannan ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yauwa, ga shi nan."

Don haka kafin ka tambayi kuɗi, juya injin ka karanta ɗan allon da ke bayansa. In ka ga 220 zuwa 240V da 50Hz, na Ingila ne ko Turai, ya dace da mu. In ka ga 120V da 60Hz kaɗai, bar shi, sai fa in an rubuta Quartz ko DC Servo a jikinsa, waɗannan da kansu suke riƙe gudunsu, taransifoma ta ishe su. Wannan sharaɗi ya shafi wasu sababbin ma: Rega Planar 1 yana bin kaɗawar wuta, don haka in za a aiko maka, daga Ingila za a sayo. Haka kuma janareta. Ƙaramin janaretan nan na gida gudunsa na hawa yana sauka duk sa'ar da firji ya tashi, injin da ke bin kaɗawar wuta zai bi shi, kiɗa ya riƙa tangaɗi. Wanda ke da 'yar adafta irin ta caja mai ba da wutar DC, kamar AT-LP60X, bai damu da wannan ba. A gidan da rabin sauraro a kan janareta ko inbata za a yi shi, wannan kaɗai ya isa ya yanke maka hukunci.

Sauran abin dubawa a tsohon inji ba su da yawa. Kama hannun da yatsa biyu ka ɗan jijjiga shi a gindi, kada ka ji ƙwas-ƙwas, kada kuma ya cije in ka kai shi tsakiya ka dawo. Ɗaga tabarmar roba ka leƙa bel. Zafi da lemar garin nan suna narkar da shi, na sha sa yatsa na fito da baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Wannan ba abin tsoro ba ne, a goge da sifirit a sa sabo, amma ka rage kuɗinsa a ciniki. Allurar da ka tarar a kai kuwa, ko mai kaya ya rantse sabuwa ce, ɗauke ta a matsayin matacciya. Tun kafin ka biya ka tabbatar ana samun irinta.

Akwai abu ɗaya da ke sa mutane su dawo mini suna cewa an cuce su alhali injin lafiyarsa lau. Wutar da kai mai maganaɗisu ke bayarwa ba ta wuce kashi uku zuwa biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ban da haka, tun 1954 aka daidaita cewa wajen yanka faifai za a rage amon ƙasa sosai a ƙara na sama, don tsagi ya samu wuri, sannan wajen saurare a juya abin. Mai yin wannan juyi da ƙarin ƙarfi wani ɗan amfi ne na musamman. In babu shi za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri kamar kukan sauro. Tsofaffin amfilifaya suna da shi, shi ne ramin da aka rubuta wa PHONO. Sababbin garmaho masu araha da yawa suna da shi a ciki, da ɗan makunni a baya mai PHONO da LINE. In za ka haɗa da lasifika mai wutar kanta ko rediyon gida, sa shi a LINE. In za ka shiga ramin PHONO na amfilifaya, sa shi a PHONO. Ka haɗa biyun a jere, sauti ya fashe. Siririyar wayar nan ta uku mai bakin ƙaho da ke fitowa daga tsohon inji, ɗaure ta a ɗan kusan da ke bayan amfilifaya, ita ke kashe ƙugi. In amfilifayar na da maɓallin mono, danna shi ga tsofaffin faya-fayan da ba sitiriyo ba, za ka ji ƙas-ƙas ɗin ya ragu.

Kada ka zuba duk kuɗinka a kan injin. Ni da zan raba maka, kusan rabi ne na garmaho, mafi yawan saura na lasifika, sannan ka bar ɗan abin sayen allura ta ajiya da buroshi da sababbin rigunan saka faya-fayan. Garmaho matsakaici da lasifika mai kyau ya fi garmaho mai tsada da lasifikar banza, nesa ba kusa ba. Kuma kada ka ɗora su a tebur ɗaya. Injin yana son wuri mai ƙarfi, a daidaice ba karkace ba, nesa da inda ake taka ƙasa ta motsa.

Amma kafin duk wannan, faya-fayan kansu. Na tabbata in ka buɗe akwatin da suke ciki wani wari zai buge ka, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Zaro ɗaya, za ka ga fararen tabo kamar saƙar gizo a fuskarsa, rigar takarda ta manne. Funfuna ce, damina bayan damina ta Legas, ga ƙurar hunturu ta shige tsagi ta daskare. In ka sa shi haka, ko injin miliyan ne, ƙara za ka ji, kuma allura za ta niƙa ƙurar a jikin robar. Nemi tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar ruwan ne zalla ba mai asid ba. Ɗiga masa ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa. Da buroshi mai laushi sosai ka bi tsagin a kewaye, kada ka ratsa shi, kana kare takardar tsakiya kada ta jiƙe. Ɗauraye da tataccen ruwan, ka jingine shi a tsaye a inuwa ya bushe sarai. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da rana. Na ga faifan da mai shi ya fid da rai da shi, bayan wanki biyu ya dawo kamar ba shi ba. Ajiya kuma a tsaye kamar littattafai, ba a jibge ba, sama da ƙasa saboda ruwan da ke shiga gidaje, kuma kada su jingina da bangon da ke tsattsafo.

Waɗancan biyar masu nauyi, ware su gefe tun yau. In sun fi sauran kauri da tauri, faɗinsu kamar inci goma, waƙa ɗaya a kowace fuska, to masu gudun 78 ne, irin na kafin babban faifai ya fito a 1948. Ba roba ba ce, wani irin ƙaro ne da ake kira shalak, in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran, sifirit kuma narkar da shi yake, ko kusa kada ya je. Tsaginsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, bakinta ya ninka na ta yau wajen sau huɗu. Ka sa musu ta zamani, za ta nutse ƙasan tsagi ta kwaso ƙara, ita ma ta lalace. Kasancewar inji yana da lamba 78 a jikinsa bai wadatar ba sai da allurar. Guda biyar ba su kai ka sayi inji dominsu ba, kai su wurin wanda ke da kayan ya ɗaukar maka su a kwamfuta.

Wannan ɗaukar ma ina ba ka shawarar ka yi wa dukansu. Bayan wanki, a sawa ta farko da sabuwar allura, haɗa da kwamfuta ka naɗe, akwai manhajar kyauta mai suna Audacity da ke yin aikin. Ka raba wa 'yan'uwanka, don gado ne na ku duka. Kuma in wani ya zo ya ce zai kwashe su gaba ɗaya a kuɗi kaɗan, kada ka yi gaggawa. A da, kamfanin faifai na Decca yana da wurin ɗaukar sauti a Abule-Oja ta Yaba, na EMI kuma yana da nasa a Apapa, abin da aka buga a ƙasar nan a wancan zamani yanzu masu tara faifai daga Turai da Japan nemansa suke ruwa a jallo.

In kuwa bayan duk wannan akwatin ne kaɗai abin da hali ya kai, ko an riga an ba ka shi kyauta, to sauya masa allura da ta daimon tun ranar farko, ana samun mai shiga irinsa, ka fitar da sautin ta wayoyin baya zuwa wata lasifika, ka riƙa sa masa faya-fayan da in sun lalace za ka sami wasu. Na mahaifinka su jira. Sun yi shekara da shekaru a akwati, wata shida na tara kuɗi ba zai rage su da komai ba.

Ranar da za ka koma Alaba, tafi da faifai ɗaya wankakke wanda ba shi ne mafi soyuwa gare ka ba, da ɗan salatif, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal in za ka iya aro. Ce a haɗa maka injin a gabanka. Ƙirga zagaye 100 a minti uku da agogon wayarka. Sa waƙar ƙarshe ta fuska, ka saurari lasifikar hagu da ta dama ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga hannun, ƙara murya, ka ji ko akwai ƙugi. In an yi ciniki, kada ka bari a ɗaure maka shi yadda yake: a cire faranti a naɗe daban, a zare dunƙulen bayan hannu, a ɗaure hannun a mazauninsa, a rufe allura da murfinta. Hanyar Ojo, inda Alaba take, zuwa Agege da ramukanta ta isa ta karya gindin hannun da ya shekara arba'in lafiya. Faifan kuma riƙe shi a jikinka cikin jaka, kada ya zauna a but ɗin mota ko jikin gilashi kuna tsaye a cunkoso, rana ɗaya ta Legas ta isa ta lanƙwasa shi.